Yatsun Doña Fermina

Ta ƙofar kicin Doña Fermina Cohuoj ta shiga aikin tonon kufai. Tana da shekara sha tara aka ɗauke ta daga San José, bakin tafki, don ta riƙa yi wa masu tono tortiya, wato wainar masara, a sansaninsu na cikin daji, tafiyar yini biyu a kan alfadari. A sati na uku zazzaɓi ya kwantar da matar da ke wanke tsingaron tukwanen da ake tonowa, aka miƙa wa Fermina bokiti da tsohon buroshin haƙori. Shekara talatin da huɗu ta yi tana wannan wanki.

Karatunta bai wuce aji biyu ba. Amma ko idonta a rufe, in ka sa mata tsingaro a hannu, sai ta murza ta ce, "Wannan mai santsin kakin zuma ne, tsoho ne tukuf, daga can ƙasan rami ya fito." Ɗaliban da ke zuwa daga babban birni sukan yi mata gardama, su je su buɗe littafi, su tarar gaskiyarta ce. Ba ta yi musu dariya. Kunun masara take zuba musu.

Ciwon gwiwa ne ya zaunar da ita gida. Mijinta Don Cecilio, mai kwalekwale, ya sami abin tsokana.

"Kin ƙare rayuwarki kina wanke kwanukan matattu, na gidanki kuwa sai na yi magana."

"Su ai ba sa barin wake ya bushe a gindin kwano, tsoho."

Wata Asabar da hantsi 'yarta Marleny, mai kula da laburaren gari, ta matsa mata sai ta zo ta ga wani abu. Mutanen wata jami'a sun buɗe shafi a intanet, sun jera tarihin ƙabilar Maya, kakannin su Fermina, shekara bayan shekara. Ka rubuta sunan kufai ko shekara, sai ya fito maka da wanda ya yi sarauta, da dutsen da aka kafa, da abin da aka tono. Fermina ta zo tana mita, ta zauna nesa da kwamfutar da jakarta a cinya.

"To, rubuta sunan namu kufan mu gani."

Marleny ta rubuta. Hotuna suka fara wucewa, Fermina ta jawo kujera ba ta sani ba. Can sai ga wani jan kasko. An sa shi cikin kayan kabarin wani sarki da aka tono a ƙarƙashin matakala.

"Ƙarya ne!"

"Mama, a hankali mana, laburare ne nan."

"Ko coci ne. Wannan ba na sarki ba ne. Daga ramin ajiya na bayan tudu ya fito, gutsure arba'in da ɗaya, ni na wanke shi. Duba bakinsa, ga huji biyu. Tsagewa ya yi, mai shi ta huda ta ɗaure da zare don kar ta rasa shi. Wane sarki ne za a binne da kasko mai faci? Kuma ya girmi kabarin nan nesa ba kusa ba. Yatsuna ba su manta santsinsa ba."

Marleny ta rubuta wa masu shafin duk abin da uwarta ta faɗa, ban da maganar coci. Sati ɗaya, sati biyu, shiru. Fermina ta ce ita ba ruwanta, su sa shi a kabarin Paparoma ma in sun so. Amma kullum Marleny ta shigo gida, idon uwar na kan fuskarta.

A sati na huɗu Don Cecilio ya sauke wata mata mai furfura a bakin tafki, ya rako ta yana murmushi. Fermina na kan dutsen niƙa ta ɗago kai. Doctora Ileana ce, dakta a jami'ar, wadda ta fara zuwa sansani tana ɗaliba mai tsoron kunama, yanzu ita ke shugabantar shafin.

"Doña Mina, kin tona mana asiri."

"Kai, 'yar nan, ke ma kin tsufa? Har yanzu kina zazzage takalmi kafin ki sa?"

Suka rungume juna, Doctora na dariya tana share ido. Ta fito da kwafin wani tsohon littafin sansani ta nuna lambar jakar da kaskon ya fito. Sha bakwai ce, mai kwafa ya juya ta zama saba'in da ɗaya, lambar jakar kabarin sarki, kaskon ya yi tsallen shekara ɗari shida. An riga an mai da shi wurinsa.

Fermina ta dubi takardar kamar tana karantawa, ta ce, "To, madalla." Ta tashi ta soya kifi. A ranar Don Cecilio bai yi tsokana ko ɗaya ba, ya ma wanke kwanonsa da kansa.

Suna cikin ci Doctora ta ce akwai hotuna wajen ɗari huɗu na wannan kufai da take so wani mai ido ya duba.

"Ido? Ni da hannu nake aiki. Wannan gilashin naku duk santsinsa ɗaya."

Duk da haka ran Alhamis ta je laburare, da sanda da tabaron mijinta. Tun daga nan kowace Alhamis tana can kusa da taga, Marleny na danna mata hotuna, tana ba kowane labarinsa, har malaman makaranta suka fara kawo ajinsu su saurara. Ta sa an gyara wurare tara. Sau biyu littafin sansani ya nuna ita ce ta yi kuskure. Ta amsa ɗaya. Na biyun kuwa har yau tana cewa mai littafin ne ya rubuta shi da yunwa.