"Can" Ba Wuri Ba Ne

Jiya a cibiyar da nake aiki, inda muke kula da makafi da masu jinkirin fahimta, aka ba ni sababbin ma'aikata in koya musu jagora. Ni da ko sakandare ban ƙarasa ba! Sau biyar ina faɗa musu kada a ce wa makaho "can", amma wata mai digiri ta sake nuna wa wata makauniya, Mama Ladi, kujera da yatsa: "Ga ta can." Baiwar Allah ta sha ƙasa, ta rantse ba za ta dawo ba. Ina cikin takaici marigayi Baba ya faɗo mini a rai.

Makaho ne mai goro a kasuwar Mile One, da hanci yake gane layi: ƙarnin kifi, sannan albasa. Wata rana bayan ruwa ina masa jagora, na ce, "Baba, kwata na can." Sai tsundum, ƙafa har gwiwa. Ya laluba ya kamo kunnena.

"Kai ɗan nema, a wace unguwa 'can' take? Dama ko hagu, taku nawa?"

Na ce, "Baba, ai ka samu wankin ƙafa kyauta." Ya ƙara murɗawa.

Yau da ƙyar na lallaso Mama Ladi ta dawo. A gabanta na ɗaure wa mai digirin ido da ɗankwali, na ce shayinta na can. Sai da ya huce tana lalube.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna tana damansa, taku ɗaya.