Rabin Santimitar Tadija Kolak

A shekarar 1983 na fara sanin Tadija Kolak, ranar Lahadi ta biyu a cikin watan Yuni, a gaɓar kogin Pliva. Na riƙe ranar ne domin a makarantar horar da Fada, wato limamin coci, aka rene ni, inda ake dukan yatsun yaro idan layin da ya ja ya karkace. Ban zama Fada ba, a ofishin safiyo na ƙare, amma hannuna ya saba da ma'auni. Shi ya sa ƙungiyar masu fatsa ta garinmu take ɗauka ta mai awo duk lokacin gasa.

Kowane ɗan gasa ana ba shi yankinsa na kogi, da awa uku, da mutum ɗaya a gaɓa riƙe da ɗan kwamin katako mai zanen santimita. In ya kama kifi sai a auna, a rubuta, ya sa hannu, a mayar da kifin ruwa da ransa. Wanda bai kai santimita ashirin ba, ba ya shiga lissafi. Shaida takan yi iyo ta tafi abinta, takarda kaɗai ke saura.

Tadija mai aski ne. Ƙudajen ƙarya da ake yaudarar kifi da su, shi yake ɗaura nasa da kansa, da zare da gashin zakara a jikin ƙugiya. Babu zakara a unguwarsu da wuyansa bai sha figa ba. Furfurar masu zuwa aski ma ba ta tsira ba, yakan ce ta shugaban makaranta ta fi kowacce tsayawa a kan ruwa. Yana da ƙuda fiye da ɗari huɗu, kowanne da sunansa. Abin da ba shi da shi kawai shi ne kifi. Shekara tara yana shiga gasa, shekara tara yana dawowa da jiƙaƙƙen wando da dogon bayani.

A ranar da nake magana, ruwa ya yi sanyi, kifi ya ƙi ci, 'yan gasa goma sha ɗaya ba wanda ya kama komai. Matarsa Manda tana tsaye a kan gada, ta naɗe hannu a ƙirji. Kowa ya san ta rantse cewa in ya sake dawowa hannu wofi, sandunan fatsarsa za su zama turakun wake a lambunta. Saura minti shida sai ga shi ya taho yana tuntuɓe, da ɗan kifi a ragar hannu.

Na kwantar da shi a kwami. Sha tara da rabi.

"Duba da kyau, malam mai awo," in ji Tadija. "Sanyi ne ya sa ya ƙanƙame."

Na duba da kyau. Sha tara da rabi. Na dubi gada, na dubi Tadija, na rubuta ashirin. Da wannan kifi guda ya ci kofin gunduma.

Godiya dai ban ji ba. Ya kafa kofin a kan kantar shagonsa, kusa da madubi, kifin kuma ya shiga girma a bakinsa. A shekarar farko ya kai tsawon tafin hannu biyu. Kafin yaƙin da aka yi a ƙasarmu ya kai gwiwar hannu. Bayan yaƙi sai Tadija ya ajiye almakashi kafin ya iya nuna shi. Ni kuwa ya laƙaba mini suna Fada-marar-riga.

"Ku gan shi nan," yakan ce ina zaune da kumfa a fuska, aska a maƙogwarona. "Da shi aka sa ya auna kifin Annabi Yunusa, cewa zai yi bai kai ba."

"Yi aikinka, Tadija, ka rage surutu."

"Surutun ma ka auna shi ne?"

Abin ya daɗe yana ci mini rai. Na kai maganar wurin ikirarin zunubi a coci, sai na tarar Fadan ma mai fatsa ne. Tambayar da ya yi mini ita ce, da wane ƙuda aka kama.

A 2014 aka shirya gasar tsofaffi, ƙuri'a ta sake haɗa ni da shi. Gwiwoyinsa sun lalace, Manda ce ma ta ɗaure masa igiyar takalmin ruwa. Ya yi kunnen doki da wani likitan haƙori daga birni, kifi huɗu huɗu, don haka wanda kifinsa ya fi tsawo shi ne da kofi. Na likita talatin da takwas ne da ɗigo uku, an riga an shelanta. Tadija ya kawo na ƙarshe, kyakkyawa, mai jan fiffike a gadon baya kamar mayafi. Na daidaita tabarau. Talatin da takwas da rabi. Wannan karon kofi nasa ne na halal.

Ya sunkuyo kamar mai wanke hannu, murya ƙasa ƙasa.

"Rubuta talatin da takwas, Fada."

"Da rabi ne. Ka ci."

"Na iya karatu. A wancan karon ma na iya. Rubuta, kifi yana shan wahala."

Na rubuta, ya sa hannu, ya saki kifin. Haka mutumin nan ya sa ni ƙarya ta biyu a rayuwata don a gyara ta farko.

Washegari ya shaida wa duk wanda ya zauna a kujerarsa cewa makahon Fada ya cuce shi rabin santimita, kuma bai fasa faɗa ba har ya rasu bayan shekara uku. Ban taɓa musa masa ba. Bayan jana'iza Manda ta aiko mini da kofin, ta ce ta gaji da goge shi. A ciki na sami takardun awo biyu, an haɗa su da ƙugiya. Na tara su kamar yadda aka koya mini: ashirin da talatin da takwas, hamsin da takwas. Daidai tsawon da Allah ya yi wa kifayen nan biyu ke nan.