Mai Alli da Bayan Kwat

A layinmu na shaguna, tsakanin mai walda da mai sayar da takalma, akwai wani tsohon tela da ake kira Mai Alli, saboda guntun allin da ba ya barin bayan kunnensa. Tun yana saurayi yake kan keken ɗinkin nan. Da shi ya yi aure, da shi ya sa 'ya'ya a makaranta, kuma da matarsa ta rasu, wurinsa ya dawo ya zauna. Yana da wani hali a aiki: ba ya sa almakashi a yadi sai ya ga riga gaba da baya.

Halin nan ne ya ja masa.

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo masa da hoto a waya. Wani mutum ne na zane, gashi a tsaitsaye, sanye da doguwar kwat mai tsayayyen wuya. Irinta take so.

"Ina bayan?" in ji shi.

"Baba, zane ne fa. Ka ƙirƙiro kawai."

"Wanda ya zana gaban ya san bayan. Ni ba na yanka da ka."

Ta yi dariya, ta ce to sai dai ya kalli fim ɗin da kansa, na Japan ne. Ta sa masa a wayarsa, ta nuna masa inda ake tsayarwa. Ta ce ya fara daga kashi na farko, kada ya tsallake, in ba haka ba zai ɓata a hanya.

Ya jingina wayar da gwangwanin maɓallai. Yaren ba ya ji, rubutun ƙasa kuma ya fi idonsa gudu, sai ya koma karanta fuskoki. Da farko mita ce kawai. Idanu kamar faranti, ihu ba dalili, mutum ya ɗaga hannu zai kai naushi sai ya tsaya tuna yarintarsa. Mai kwat ɗin kuwa ya ƙi juyawa. In ya juya, ko iska ta ɗage rigar ko hayaƙi ya rufe ta. Sai can gaba ya tsaya cik ya ba da baya, aka ga tsaga har ƙugu da ɗan ɗamara. Mai Alli ya yanka, ya ɗinka, mai kaya ta karɓi kayanta.

Muka ɗauka an gama. Washegari sai ga waya a jikin gwangwani.

"Na bar bawan Allah rataye a bakin dutse," ya ce. "Ba mutunci ba ne."

Mai walda ya samu abin yi. Kullum sai ya leƙo. "Tsoho, yaya yaranka masu manyan idanu? Sun tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ba na jin yarensu, amma sun fi ka magana mai ma'ana."

Magana ba ta zama wuri ɗaya. Ta kai kunnen babban ɗansa, wanda ya daɗe yana so uban ya rufe shago ya koma gidansa ya huta. An ce masa tsoho na yi wa waya faɗa, an kuma ce an ga yana share ido da ƙyallen yadi. Wata safiya sai ga ɗan da motar kaya da 'yan dako.

"Baba, ya isa haka. An gyara maka ɗaki, da fanka da komai."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Amma mutane na magana. Wai kana kallon katun kamar jikokinka, har kana yi musu faɗa."

"Ina yi. Ba sa ji, kamar kai. Kai da kake ihu a gaban talabijin kana koya wa mutanen wata ƙasa buga ƙwallo, wa ya kawo maka mota?"

'Yan dako suka sunkuyar da kai suna dariya. Ɗan bai yi ba. Ya rage murya.

"Baba, tsoro nake ji. Haka Baffa ya fara, da hira da rediyo."

Duk layin mun san yadda yayan Mai Alli ya ƙare, bai gane kowa ba. Tsohon ya daɗe yana kallon allurar kekensa.

"Yayana sunana ya manta," ya ce a hankali. "Ni sababbin sunaye nake koya, masu karya harshe ma. Ranar da ka ga na ɗinka hannun riga a wuya, zo da motarka, ni zan kama maka keken. Yau ba ranar ba ce."

Ɗan ya yi wa 'yan dako alama da ido. Ɗaya ya matso. Mai Alli ya ɗora ƙafa a kan matakin keke, ya kalle shi.

"Taɓa, yaro. Taɓa ka gani."

Bai taɓa ba. Tsohon ya juya wayar ta fuskanci titi, ya ƙure murya, ihun Japanawa ya cika layi har mai walda ya kashe injinsa. Sannan ya ja wani wando ya ci gaba da ɗinki.

Motar ta koma yadda ta zo, ɗan kuma ya tafi ba sallama.

Shagon na nan a buɗe. Mai Alli ya gama wancan fim ɗin, ya shiga wani na wasu masunta, yana cewa wannan ya fi hankali. Ɗan yana zuwa gaisuwa, amma daga bakin ƙofa, ba ya zama a benci kamar da. Uban ba ya ce masa shigo.

Abu ɗaya dai na lura. Yanzu shi ke riga kowa buɗe shago a layin. In tari ya taso masa kuwa, sai ya taka keken da ƙarfi don kada a ji, har tarin ya wuce.