Ranar da Kawu Orval Ya Riga Alƙali

Kawuna Orval Tidmore ya yi shekara talatin da huɗu yana harba igwar kwalejin garinmu, Pickens Ferry. Abin da yake ci da shi gyaran famfo ne. Babu gidan da bai taɓa durƙusawa a ƙarƙashin bahon wanke-wankensu ba, wando ya zazzago, rabin mazaunai a waje. Amma ka tambaye shi sana'arsa, cewa zai yi shi mai igwa ne, famfo kuwa don kada hannu ya yi tsatsa daga Litinin zuwa Juma'a.

Igwar ta tagulla ce, ana kiran ta Goggo Beulah, tana zaune a kan ɗan tudu bayan turakun filin wasan ƙwallon Amurka, wanda ake runguma da hannu a ruga. Dokarta ba ta da wuya. Duk sanda yaranmu suka tsallake layi da ƙwallo, harbi ɗaya. In wasa ya ƙare mu ne da nasara, harbi ɗaya, kuma wannan shi ne yake sakin jama'a: ɗalibai su tsallako shinge, 'yan badujala su shigo, 'yan wasa su watsar da hulunan kwano. Kafin Goggo ta yi magana ba mai motsi. Da haka aka raine mu, mu da iyayenmu.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, Verlene. Sunana Rudd. Na yi shekara ɗaya da rabi a kwalejin, daga nan muka ga ni da su ba za mu daidaita ba, su ne dai suka fara gani. Yanzu ina faci a shagon taya, kuma in ana neman wanda zai ba da dariya a gari ni ake nema.

Akwai abin da ni da Mama kaɗai muka sani: Kawu kurma ne. Goggo ce ta cinye masa kunnuwa, kaɗan-kaɗan, don ya ƙi toshe su ko da auduga. Wai raini ne mutum ya toshe kunne a gaban mace tana magana. Bai taɓa aure ba, kun ga dalili. Sai ya koyi karanta leɓe, ya iya ƙwarai. In ka fuskance shi, ba za ka taɓa ganewa ba. A coci yana kallon bakin na kusa da shi, ya ce amin tare da kowa. A fili kuma, in an ci, yana ganin alƙalin wasa ya ɗaga hannu biyu, sai ya ja igiya. Matsalar ita ce usur ɗin tashi. Wannan ba a ganin shi. Sai ya koma kallon babban agogon fili, in ya nuna sifili ya harba. Shekara kusan goma yana haka ba abin da ya faru, don yawanci kafin agogo ya mutu an riga an san wanda ya ci, har an fara musabaha.

Asabar ɗin farko ta Disamba, da la'asar, aka buga wasan ƙarshe na yankinmu, a filinmu, mu da kwalejin Harlan Ridge. Wanda ya ci shi zai shiga cikin masu neman kofin ƙasa baki ɗaya. Tun da aka kafa kwalejin ba mu taɓa jin ƙamshin wurin ba. An rufe shaguna, fasto ya ɗage ɗaurin aure biyu, an soya tarwada a bayan motoci har hayaƙi ya rufe fili.

Saura daƙiƙa huɗu muna da ashirin da bakwai, suna da ashirin da uku. Ƙwallo na hannunsu, suna can nesa. Mai jifansu ya ja da baya ya wurga ta sama, jifan wanda ba shi da sauran dabara. Tana sama agogo ya nuna sifili. To, ko jaririn Pickens Ferry ya san sifili ba ya kashe wasa, sai an kayar da mai riƙe da ƙwallo alƙali ya busa. Wani siririn yaronsu ya cafe ta, taku ashirin tsakaninsa da layi, ƙattanmu uku sun zagaye shi. Ɗaya ma ya riga ya kama masa riga.

Sai Goggo ta yi magana.

Ban ga laifin yaran ba. Tun suna goye suke jin wannan ƙarar, jikinsu ne ya amsa kafin kansu. Wanda ya kama riga ya saki ya ɗaga hannu sama. Wani ya cire hular kwano ya durƙusa yana godiya ga Allah. Ɗalibai suka ɓarko ta kan shinge. Siririn yaron nan ya duba hagu ya duba dama, ya bi ta tsakanin masu rawa, ya tsallake layi ko gudu sosai bai yi ba. Alƙalai suka haɗa kai na minti biyar, suka ɗaga hannu, aka ba su maki shida. Ashirin da tara da ashirin da bakwai. Kawu na kan tudu yana goge bakin igwa da tsumma yana murmushi, mutum dubu arba'in suna zagin uwarsa, wadda ita ce kakata.

Garinmu ya iya ƙiyayya, yana yin ta a natse kamar dahuwar wake. Cikin mako guda duk masu famfo suka janye aikinsu. Wata safiya aka wayi gari an jera masa agogunan tashi daga barci sun fi sittin a ƙofar gida, duk suna kuka. Maƙwabta suka kasa karin kumallo don ƙara, shi kuwa ya fito ɗaukar jarida, ya tattara su a kwali ya kai coci sadaka. A rediyo an yi wata guda ana yanka shi. Abin da ya fi ƙona mutane shi ne ba ya tankawa. In an zage shi ta baya ya wuce kai a miƙe, sai a ce ji shi, ko kunya babu.

Ni ma na sa hannu, ba zan ɓoye ba. A shagon aski, Hoyt mai gadin ƙofar fili ya tare ni.

"Kai ɗan gidan Sarkin Gaggawa, ya jikin kawun naka?"

"Yana nan. Jiya ya ci abincin jibi."

"Ɗan banza! Wai da gaske ne bai taɓa aure ba?"

"Ya taɓa nema. Ya je coci ranar Laraba, biki Asabar, ya ce ya amince, ya tafi gida."

Har mai aski sai da ya ajiye almakashi. Kafin yamma labarin ya zaga gari, kuma na ji daɗi, don ranar ba wanda ya tuna jinina ne.

Shi Kawu abu ɗaya ne a ransa, kada a raba shi da igwa. Aikin famfo ya tafi, bai damu ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma zancensa kullum ɗaya ne: in aka bar shi ya harba a wasan farko na Satumba, a kan lokaci, shi ke nan ya wanke. A Fabrairu kwamitin tsofaffin ɗalibai, masu iko da Goggo, suka kira shi. Mama ta ce in raka shi.

"Ka zauna inda zai riƙa ganin bakinka. In wani abu ya wuce shi ka maimaita masa a hankali. Ka ji ko, mara kunya?"

"Na ji, Mama. Ni ai nawa kunnuwan suna aiki."

Ta jefe ni da cokali.

Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Su bakwai ne a bayan dogon tebur, shugabarsu Madam Pettaway, tsohuwar lauya mai ido kamar na shaho. Kawu ya miƙe ya karanta takardar ban haƙuri da ya yi kwana uku yana rubutawa. Ya ce idonsa ne ya yaudare shi, ya ce ba zai sake ba. Madam ta daɗe tana kallon shi. Sai ta ɗauki fayil ta tare bakinta.

"Mista Tidmore, in kana ji na, ɗaga hannunka."

Kawu ya tsaya yana murmushin ladabi.

"Mista Tidmore, wandonka ya kama da wuta."

Wani mai ƙaton ciki ya fesar da shayin bakinsa. Kawu ya ga ana dariya, shi ma ya yi 'yar dariya, don kada a bar shi a baya. Madam ba ta sauke fayil ɗin ba ta ce kwamiti ya sallame shi daga yau, za a ba wani ɗalibi mai kunne igwar. Sannan ta sauke, ta rufe.

Kawu ya juyo ya kalli bakina.

Na sha tambayar kaina me ya sa. Wataƙila kwat ɗin ce, wataƙila takardar nan da ya yi kwana uku yana rubutawa. Wataƙila kuma ragon mutum ne ni kawai. Na ɗaga masa babban yatsa, na ce, "An gama, Kawu."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana musabaha da hannu biyu. "Na gode, ranki ya daɗe. Na gode, Yallaɓai. Ba za ku yi nadama ba." Ba wanda ya gyara masa. A baranda Madam ta miƙo mini ambulan, ta ce in ba shi a gida, kada ya faɗi musu a ofis. Na jefa ta a aljihun mota, na ce gobe.

Goben nan ta yi wata bakwai. Mama kuwa, na gaya mata an bar shi a kan aikinsa, ta yi kuka ta gasa burodin masara. Da ya ce zai je ya goge Goggo, na ce an kai ta birni a sauya mata ƙafafu. Amma mai ƙaton cikin nan bakinsa ba ya riƙe ruwa. Kafin bikin Ista duk gari ya san abu biyu: Orval kurma ne, kuma bai san an kore shi ba. Mama ce kaɗai aka ɓoye wa, don kada ta ɓata wasan.

Nan ƙiyayyar ta sauya kaya. Aikin famfo ya dawo, har ya fi da. Mutane na kiran shi ko famfon lafiya lau yake, don kawai su tsaya a kansa yana ƙarƙashin baho su faɗi abin da suka ga dama, in ya ɗago su yi masa murmushi. A titi a fuskance shi sosai, a buɗe baki yadda zai karanta da kyau.

"Sai Satumba, mai igwa!"

"Da yardar Allah!"

"Ka dai zo da wuri!"

Ya yi ƙiba, ya sayi sabon takalmi. Wata rana muna cin tarwada a bayan gida ya dafa ni ya ce, "Ka gani, Rudd? Mutanen garin nan fushinsu a baki ne. Zuciyarsu fara ce." Na ce haka ne, Kawu, na ƙara masa shayi.

Safiyar wasan farko na ɗauke shi a mota, ambulan na nan a aljihun da ke gaban gwiwarsa. Ya sa jar rigarsa mai maɓallan tagulla, ya rungume akwatin albarushi. Sau uku na buɗe baki a hanya, sau uku yana kallon titi. A ƙofar ma'aikata mutane sun fi ɗari suna jira, kowa da waya a sama. Wasu har da kujeru suka zo.

Hoyt ya tare shi da hannu, kansa a sunkuye kan takarda. "Ba sunanka a takarda, Orval."

"Sannu da aiki, Hoyt. Ya famfon?"

Jama'a suka kwashe. Hoyt kansa ya ga abin ya yi yawa. Ya ɗauki farantin takarda da wani ya gama cin nama a kai, ya rubuta a baya, ya nuna masa. Kawu ya karanta. Ya ce kuskure ne, ga ɗan ƙanwarsa nan ya shaida, a gabansa aka yi. Ya juyo.

Na koma mota na ɗauko ambulan. Ta yi laushi, maiƙon taya ya taɓa gefenta. Ya ajiye akwatin a ƙasa, ya sa tabarau, ya karanta har ƙarshe, sannan ya koma sama ya ɗora yatsa a kan kwanan wata. Sha ɗaya ga Fabrairu. Ya ɗago ya bi fuskokin nan da kallo, waɗanda suka yi wata da watanni suna gaishe shi. Wasu suka sauke waya, yawanci ba su sauke ba. A ciki sabon ɗalibin ya yi harbin gwaji, ƙasa ta girgiza, na ga Kawu ya dafe ƙirji, don ta nan kaɗai yake jin ta.

"Kai ma, Rudd? Tun ranar?"

Na matsa gabansa yadda zai ga bakina sosai. Na fara: "Kawu, tsaya ka ji, ni nufina..."

Sai ya rufe ido.

Na yi ta magana. Na ba da haƙuri, na rantse, na ce wa Hoyt ya gaya masa, na ce wa mutane su watse. Yana tsaye cikin jar rigarsa, ido a rufe, takarda a hannu, har aka busa usur ɗin fara wasa jama'a suka gaji suka shige ciki.