Salamatu da Akwatunan Baffanta

A unguwar Briqueterie aka haifi Salamatu, a gidan da aka sani da fataucin aku. Mahaifinta kan sayo tsuntsayen a hannun mafarautan kurmi, ya cusa su a akwatuna ya tura Najeriya. Tana yarinya, aikinta ne kowace safiya ta zura hannu ta tsamo waɗanda cunkoso ya kashe.

Bayan rasuwar mahaifin, ƙanensa Abdulbaƙi ya riƙe ta, ya kuma ci gaba da sana'ar a ɓoye, don gwamnati ta hana tun da aku ya fara ƙarewa a daji. Ita kuwa da ta gama makaranta sai ta shiga aikin gandun daji. Ranar da ta fara ratsa unguwa cikin kaki da manyan takalma, ɗankwali a ƙarƙashin hula, masu tsire suka bar wutarsu suna kallo. Ko sunkuyar da kai ba ta yi ba.

Aka tura ta shingen bincike a hanyar arewa. Wata rana da hantsi ta tsayar da motar goro, sai ta jiyo kukan da ta sani tun tana goye, yana fitowa daga ƙarƙashin buhuna. Direba ya yi murmushi ya ce ai kayan baffanta ne. Ta sa aka sauke komai.

Kashegari dattawan gida suka kira ta zaure. Suka tuna mata wanda ya raine ta, suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta durƙusa ta saurare su har suka gama.

Ta dubi Abdulbaƙi ta ce, "Baffa, ban yar da kai ba. Ko kayanka ka ce in ɗauka a ka har unguwar Etoudi, zan ɗauka. Amma aku ba zai wuce ta gabana a akwati ba."

Abdulbaƙi ya ce to ta nemi wani baffan.

Kotu ta ci shi tara, ya koma sayar da atamfa a kasuwar Mokolo. Tsuntsayen da suka rayu aka yi musu jinya aka sake su a kurmi. Tun daga nan aka daina aiko wa Salamatu goron biki ko suna. Duk da haka tana zuwa, ta zauna tsakiyar mata ta ci tuwonta. Kowace Juma'a kuma tana biyawa rumfar baffan ta gaishe shi, ya kau da kai. Bana ta nemi a mai da ita kurmin gabas, inda mafarauta ke yawo da bindiga, aka kuwa ba ta.