Ranar da Na Ce Ban Ji Yaren Inna Ba

Edita, bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon a ba ni fili. A zamanin da abin nan ya faru, ni matashin shugaban makarantar firamare ne a Yelwa, mai farar riga da guga, mai alfahari da cewa a hannun malaman dā na koyi riƙon alƙalami. Yau na daɗe da yin ritaya, idanuna sun raunana, kuma abin da ya sa na ɗauki takarda shi ne wani ɗan littafi na matasa, irin waɗanda na shafe shekaru ina ƙwacewa daga hannun ɗalibai.

Jikata ce ta zo hutu da shi. Na ɗauka da jan biro, da nufin in nuna mata yadda marubutan yanzu ba su san ƙa'idar rubutu ba. Shafuffukan farko na cika su da gyara, daga nan biron ya tsaya. Labarin 'yan mata biyu ne ƙawaye, ɗaya ta tashi a ɗakin uwar ɗayar, tana ci daga tukunyarta. Da ta sami makarantar birni, sai ta fara jin kunyar matar, har ta wuce ta a bakin ƙofa kamar ba ta san ta ba. Jikata ta same ni riƙe da shi bayan la'asar, ta yi mini tsiya cewa ashe Alhaji ma yana karatun banza.

Ga dalili. Ina jariri mahaifiyata ta kwanta ciwo, nononta ya ƙafe. Wata Bagungiya mai kawo albasa kasuwa, wadda take goyon ɗa namiji sa'ana, ita ta karɓe ni ta shayar da ni. Ba Musulma ba ce, addinin kakanninta take bi, amma mahaifina ya ce rai ake ceto. Na tashi ina ce mata Inna. Kowane hutu a gungunsu da ke tsakiyar kogi nake yi, ni da ɗanta muna ban ruwan albasa da ƙwarya, muna tuƙa kwalekwale. Gunganci na fara ji kafin in iya haɗa jimlar Hausa. Da aka datse kogi ruwa ya ci gungun, aka mayar da su wani ƙauye wajen Shanga. Ni kuwa na yi gaba da karatu.

Ranar da aka yi mini walimar zama shugaban makaranta, Inna da ɗanta suka zo da kwandon albasa da busasshen kifi. A gaban manyan ma'aikatan ilimi Inna ta kama hannuna tana sa mini albarka da yarensu, tana kirana da sunan da ta raɗa mini. Na ga wani abokin aiki yana murmushi. Sai na zare hannuna, na ce da Hausa, da murya mai ƙarfi: "Baiwar Allah, ban ji abin da kike faɗa ba." Na sa aka kai su zaure aka ba su abinci. Ɗan'uwan nan nawa na nono ya dube ni kawai, ya ɗauki sandar Inna ya miƙa mata.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an gyara. Bayan 'yan shekaru ya zo da kansa har ofis, ƙafafunsa duk ƙura, ya shaida mini Inna ta rasu, kuma dangi sun ce ba za su rufe ta ba sai duk ɗan da ta shayar ya tsaya a kanta. Na ce masa matsayina da addinina ba za su bar ni in halarci irin jana'izarsu ba, alhali na san ba addini ne ya hana ni ba, idon mutane ne. Babu malamin da ya taɓa ce mini tsayawa a kan kabarin wadda ta shayar da ni laifi ne. Na ba shi turmin farin yadi na likkafani, na sallame shi. Daga baya na ji sun jira ni yini guda da rabi cikin zafin bazara. Tun daga ranar na hana bakina yaren, har ya zube daga kaina gaba ɗaya.

A cikin littafin jikata, ƙawayen sun shirya kafin su cika shekara goma sha takwas. Yarinyar ta koma ta durƙusa, aka yi kuka, aka ci tuwo tare. Na rufe littafin ina tunanin ni ma abin da ya rage mini ke nan. Washegari da safe na sa babbar riga, na shiga mota zuwa Shanga, ina ta tsara kalmomin neman gafara a zuciyata kamar jawabin bikin yaye ɗalibai.

Na sami ɗan'uwana da rai, zaune a inuwar rumbu, ya rame ƙwarai. Babbar 'yarsa, wadda ita ma ta yi jikoki, ta gaya mini cewa tun da ciwon shanyewar jiki ya buge shi bara, Hausa ta ɓace masa sarai, yaren uwarsa kaɗai ya rage a bakinsa. Na durƙusa da babbar rigata a ƙasa, na faɗi duk abin da na tsara. Yana kallon bakina, bai fahimci ko kalma ɗaya ba, bai kuma gane ni ba. Sai ya kama hannuna, ya yi magana mai tsawo cikin taushin murya. Na san sautin, na san hawa da saukarsa kamar muryar Inna, amma ma'anar ta ƙi zuwa. A wannan karon da gaske ne ban ji ba. Na tambayi 'yarsa abin da yake cewa. Sai ta ce:

"Baba, ya ga rigarka, ya ɗauka daga makaranta ka hito. Tambaya yakai ko ka san ɗan'uwanshi da ke karatu Yelwa. Ya ce in ka gane shi, ka ce mishi Inna na jira, ta aje mishi kihi."

Na ce ta gaya masa zan isar da saƙon.

Abin da na koya shi ne, neman gafara ma yana da wa'adi, kuma ba mutuwa kaɗai ke rufe ƙofarsa ba. Ina jan kunnen matasa masu karatu, da tsofaffi irina masu taƙama da shi: duk wanda ya ciyar da ku tun ba ku san kanku ba, kada ku bar idon jama'a ya sa ku zare hannunku daga nasa, ko da yarensa da addininsa ba naku ba ne. Na mayar wa jikata littafinta, na ba ta haƙuri a kan jan biron da na ɓata shi da shi. Yanzu kowace Asabar nakan je in zauna kusa da ɗan'uwana, yana ba ni saƙo zuwa ga yaron da ke makaranta, ni kuma ina gyaɗa kai.