Muryar da Ajimi Ya Goge

Ajimi ɗan manomin tattasai ne daga bakin Komadugu. Da rikici ya kori mutane daga gonaki, sai ya riƙe abin da ya koyo a Damagaram, wato aikin ordinata, kwamfuta ke nan. Shi ya haɗa wa ƙaramar rediyonmu ta Diffa wata hanya: wanda nasa ya ɓace ya aiko murya ta WhatsApp, saƙon ya faɗo cikin na'urar gidan rediyo, mu yi cigiya.

Kafin a buɗe wa jama'a, ya karkatar da hanyar zuwa ordinatarsa don gwaji, yadda ubansa ke toshe ruwa ya juya shi fage guda. Muryoyin gwajin kuwa, wajen ƴan wasan kwaikwayonmu ya nema.

"Ummusalma, yi mini tsohuwa mai neman ɗanta."

"Duk matan gidan nan ni ka gani tsohuwa? Allah ya isa, Ajimi!"

Ta yi dai, da Hausar Barebari har da shessheƙa. Laminu ya yi masunci. Muka sha dariya. Ba wanda ya tuna cewa na riga na rubuta lambar WhatsApp ɗin a allon ƙofar rediyo.

Ran Laraba saƙo na tara ya shigo. "Sunana Kaltumi, mutuniyar Barwa, yanzu ina Yebi. Ɗana Alasan, akwai tabon ƙugiya a hannunsa na hagu." Ajimi ya ce, "Kai, Ummusalma ta ƙware!" Gwaji ya yi kyau. Ya goge komai, muryoyi da lambobin waya, ya mai da hanyar inda take.

Washegari ya tare Ummusalma. "Kaltumin nan taki ta kusa sa ni kuka."

"Wace Kaltumi kuma? Ni Kubra na yi maka."

Ya bi ƴan wasa ɗaya ɗaya, ba wanda ya yi ta. Ya tone ordinatar, bai samu komai ba.

An hana hawa babur, sai da ya yi sati uku yana jiran motar rabon abinci, ya bi ta zuwa Yebi. Kaltumi shida aka nuna masa. Daga ƙarshe wata mai tuya ta gane wadda yake nufi.

"Ai wayata ta ara, ɗana. Sati biyu rediyo na kunnenta. Da ba ta ji ba ta ce ƴan birni ba su da lokacinta, ta ɗaure kayanta."

"Ina ta nufa, Goggo?"

"Wa ke tambayar mai gudu inda za shi?"

Ajimi ba mai son makirfo ba ne. Amma duk Laraba shi ke zama ya karanta cigiyar da kansa, ta mutum biyu yanzu, Alasan da Kaltumi. In zai yi gwaji kuma, da muryarsa kaɗai yake yi, ya ce, "Ajimi ne, ba wanda ya ɓace."